Shi ma Iblis da rantsuwa ya zo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.



Rubutun yau a kan damfarar intanet ne, da cututtukan da ake sakar wa kwamfuta da waya don a sace abin da ke ciki. Na san wani zai ce, "Malam, wannan ai fagen 'yan kwamfuta ne, me ya kai limami?" Abu biyu suka kai ni. Na farko, malaman usulu sun lissafa kare dukiya cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare, wasunsu suka ƙara da mutunci, kuma a yau dukiyar mutum da mutuncinsa duk sun tattaru a cikin abin da yake sakawa a aljihun gaba. Na biyun ya fi damuna. Mafi yawan damfarar da nake jin labarinta a tsakanin mutanenmu da harshenmu na addini ake yin ta. Da sallama ake buɗewa, a ambaci marayu da rufin masallaci da kujerar Hajji, a rufe da "Allah Ya saka da alheri". Idan ɓarawo ya ari rigar liman, dole liman ya fito ya yi magana.

Koma Suratul A'araf, daga aya ta 20 zuwa ta 22, ka duba yadda aka fitar da iyayenmu daga Aljanna. Iblis bai zo da makami ba. Ya zo da alkawarin ribar da ba ta da iyaka, wato zama mala'iku ko dawwama, a Suratu Ɗaha ma har da mulkin da ba ya ƙarewa. Ya jefa musu shakka a kan gargaɗin da aka yi musu, ya nuna kamar wani alheri ne ake ɓoye musu. Sannan ya rantse cewa shi mai nasiha ne. Malaman tafsiri sun ambata cewa Annabi Adam, alaihis salam, bai taɓa zaton akwai mai iya rantsuwa da Allah a kan ƙarya ba. Ka ga ta ƙofar tsarkin zuciyarsa aka shigo masa.

Yanzu ɗauki saƙon da ya shigo maka jiya ka ajiye shi kusa da waɗannan ayoyin. "Zuba dubu hamsin, ka ɗauki dubu ɗari nan da wata guda." "Kar ka saurari masu cewa damfara ce, 'yan baƙin ciki ne." "Wallahi tallahi ni ma na cire nawa jiya, ga alat." Abu ukun nan ne a jere, har tsarinsu bai sauya ba. Shi ya sa nake ƙin jin ana cewa wawaye ne kawai ake damfara. Ana damfarar mai kwaɗayi ta kwaɗayinsa, wannan gaskiya ne, amma ana damfarar mai tausayi ta tausayinsa, da mai girmama malamai ta girmamawarsa, da mai kunya ta kunyarsa.

Bari in tsaya a kan guda ɗaya in warware shi, don shi na fi gani yana cin jama'a: sace WhatsApp.

Baƙuwar lamba za ta kira ka. Muryar mai ladabi ce, ya san sunanka, ya san zauren da kake ciki. "Alhaji barka da yamma, daga zauren tsofaffin ɗalibai ne. Za a yi taro ta intanet ƙarfe takwas na dare, an turo maka lambar shiga, karanto min in rubuta sunanka." Ka duba, lallai ga saƙo ya shigo da lamba shida. Abin da ya faru a bayan fage shi ne, ya buɗe WhatsApp a tasa wayar ya rubuta lambarka. Shi kuma kamfanin, don ya tabbatar mai layin ne, sai ya aiko wa layinka lambar tabbatarwa. Wannan lamba shidan ita ce makullin ɗakinka. A jikin saƙon ma an rubuta kada a ba kowa, amma da Turanci ne, kuma wa yake tsayawa karanta saƙon kamfani alhali ana jiran sa a waya? Kana gama karantowa, WhatsApp ɗinka ya tashi daga wayarka ya koma tasa, da sunanka da hotonka da duk zaurukan da kake ciki. Nan take zai sa tasa lambar sirrin don ya kulle ka a waje.

Tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa ita ce, wa aka yi wa sata a nan? A unguwarmu an yi wa wani dattijo wannan tsakanin Magariba da Isha'i, mutumin da idan ya ce a ba shi rance ba a tambayarsa dalili. Ko kwabo bai fita daga asusunsa ba. Waɗanda suka yi asara su ne ƙanwarsa, da wani ɗalibinsa mai ɗinki, da wata baiwar Allah mai takaba, kowa an rubuta masa cewa ana asibiti da yaro, a taimaka kafin gobe da safe. Da mutuncin da ya shekara arba'in yana ginawa aka yi cinikin. Wannan shi ne abin da nake so ya zauna a zukata: lambarka da shafinka amana ce ta duk wanda ya yarda da sunanka. Ba ka da damar cewa "ni ba ni da komai a waya, me za a sata?" Kana da mutum ɗari biyu da za su tura kuɗi idan suka ga hotonka.

Maganin wannan bai kai minti biyu ba. Shiga saitin WhatsApp, ɓangaren asusu, akwai wurin tabbatarwa mai hawa biyu. Ka ƙirƙiri lambar sirri shida taka ta kanka, ka haɗa da imel ɗinka. Daga nan ko wani ya yaudari bakinka ya karɓi lambar saƙo, zai tarar da ƙofa ta biyu a rufe. Idan kuma an riga an sace, maza ka sake rajistar lambarka a wayarka. Da zarar ka sa sabuwar lambar da aka turo wa layinka, shi an fitar da shi, ko da kai za ka jira har kwana bakwai saboda lambar sirrin da ya sa. Shugabannin zauruka kuma, da kun ji an sace ta wani, ku cire lambar nan take, ku sanar. Ba cin fuska ba ne.

Kai kuma da aka rubuto maka neman taimako, kira mutumin a layin waya ka ji shi. Duba sunan asusun da aka turo: Malam wane ke neman rance, amma asusun na wani suna ne da ba ka taɓa ji ba, an ce maka "na mai kemis ne". A yau ma murya da fuska sun daina isa hujja, saboda ƙirƙirarriyar basira tana kwaikwayon su. A farkon 2024, a Hong Kong, wani ma'aikacin kuɗi na wani babban kamfani ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga fuskokin manyansa ya ji muryoyinsu, ashe duk na'ura ce ta haɗa su. Don haka ka yi masa tambayar da ku biyu kaɗai kuka san amsarta. Mai buƙata ta gaskiya ba zai ji haushin minti ɗaya ba.

Akwai mai jin nauyin yin haka, yana ganin munana zato ne ga Musulmi. Tuna ƙissar Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, a Sahihul Buhari. An sa shi gadin zakkar Ramadan, wani ya zo cikin dare yana ɗibar abinci, ya kama shi, sai ya yi kukan talauci da iyali, ya tausaya ya sake shi. Da safe Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai yi masa faɗa a kan tausayinsa ba, amma ya sanar da shi cewa ƙarya aka yi masa kuma mutumin zai dawo. Haka aka yi dare uku, a ƙarshe ya bayyana Shaiɗan ne. Tausayin Abu Huraira abin yabo ne, amma kukan da ya ji na ƙarya ne, kuma abincin da ake ɗiba na miskinai ne, ba nasa ba. Duk naira da ka tura wa maƙaryaci da sunan maraya, wani marayan gaskiya ne ka hana.

A nan akwai mas'alar fiƙihu da nake so ma'ajin masallaci, da uwar adashi, da sakataren ƙungiya, da mai POS su saurara da kyau. Ƙa'ida a babin ajiya ita ce, wanda aka ba amana ba ya biya idan ta salwanta, sai in ya wuce iyaka ko ya yi sakaci. Malamai kuma sun mayar da ma'aunin sakaci zuwa ga al'ada: kowace dukiya akwai irin ma'ajin da aka saba tsare irinta a ciki. Zinariya ba a ajiye ta inda ake ajiye itace. To mene ne ma'ajin kuɗin banki a al'adarmu ta yau? Lambar sirri ce. Wanda ya rubuta ta a bayan kati, ko ya mayar da ita shekarar haihuwarsa, ko ya ba yaro kati da lamba ya aike shi, ko ya karanto lambar da banki ya turo masa ga baƙon da ya kira, alhali an sha gargaɗinsa, a fahimtata akwai fuska mai ƙarfi ta cewa ya yi sakaci da kuɗin jama'a. Kowace mas'ala alƙali zai dube ta da yanayinta, amma kada wani ya ɗauka cewa "ƙaddara ce" kaɗai tana sauke lamuni.

Na kiran banki kuwa sananne ne. Zai ce an rufe BVN ɗinka, ya karanto maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka, sai ka sakankance. Sanin waɗannan ba hujja ba ne. Fom nawa ka cike a shagon kwamfuta, na neman aiki da na tallafi, ka bar kwafin katinka a can? Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrinsa, ko lambobin gaban kati da ukun da ke bayansa, ko lambar da aka turo masa ta saƙo. Kashe wayar ka taka zuwa reshe. Sannan ka sa wa sim ɗinka lambar kulle, don mai ƙwacen waya sau da yawa ba wayar ce ta fi damunsa ba, layin da ke haɗe da asusunka yake so, ya cire ya sa a wata ƙaramar waya. Ka dai kula, kuskure uku yana toshe sim sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka sayo shi da shi. 'Yan kasuwa kuma, saƙon alat ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar sa. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su fita.

Mu al'umma ce da ta gina ilimi guda a kan tambayar "wa ya faɗa maka?" Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa, daga Ibnu Sirin wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, cewa da can ba a tambayar isnadi, sai da fitina ta auku aka fara neman a ambaci mazajen da aka ji magana daga gare su. Asalin wannan yana Suratul Hujurat, aya ta 6, inda aka umurce mu da bin diddigin labarin da fasiƙi ya kawo don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu koma muna nadama. Abin mamaki, ɗalibin da zai tsare ka a kan hadisi ya ce ina isnadinsa, shi ne zai ga shuɗin rubutu an ce "kyautar data ta azumi, tura wa zauruka goma", ya danna, ya cike lambarsa, ya watsa wa mutum ɗari biyar, ya rubuta a ƙasa "kamar yadda na samu". Wannan kalmar ba ta wanke kowa. A gabatarwar nan dai ta Muslim akwai hadisin da ke nuna cewa faɗar duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci.

Shi ma shuɗin rubutun nan, wanda yara ke kira linki, yana da isnadi, kuma isnadinsa adireshinsa ne. Shafukan gwamnatin Najeriya da gov.ng suke ƙarewa, na jami'o'inmu da edu.ng. Ɗan damfara zai sa sunan hukuma a farkon adireshi, ya ƙare shi da wani abu daban, ko ya canja harafi ɗaya, ya kwafo tambari da launi tsaf. Ƙarshen sunan za ka duba, kafin sandar nan mai karkata ta farko. Mafi aminci ma kada ka bi ta saƙo, rubuta adireshin da ka sani da hannunka. Kujerar Hajji kuwa tana da ƙofofinta sanannu: hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi, da kamfanonin da aka ba lasisi. Babu wani attajirin Larabawa da ke raba kujeru a zauren WhatsApp bisa sharaɗin ka fara tura kuɗin fom.

Sai kwamfuta ita kanta, kuma wannan na ɗaliban ilimi ne musamman. Cutar kwamfuta manhaja ce da wani ya rubuta da gangan. Wata tana rubuta duk harafin da ka danna ta aika masa. Wata tana kwashe kalmomin sirrin da ka bari a ajiye a manhajar shiga intanet. Wata tana kulle duk fayilolinka ta ce sai ka biya fansa. Ba ta ratsa bango, mu muke buɗe mata. Kana neman wani littafi da ya yi wuya, ka faɗa wani shafi mai maɓallan saukewa guda biyar, ka danna mafi girma. Duba ƙarshen sunan abin da ya sauko. Littafi yawanci da pdf yake ƙarewa. In ka ga exe a kwamfuta, ko apk a waya, to manhaja ce aka sa wa sunan littafi, goge ta ba tare da ka buɗe ba. Maktaba Shamila kyauta ce kuma tana da shafinta, me zai kai ka ɗaukar ta a wurin da ba ka san mai shi ba? Haka manhajojin kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta. Ban da haƙƙin masu su, ka tambayi kanka me ya sa wani zai ɓata darensa ya fasa ya ba ka a banza, kuma sharaɗinsa na farko shi ne ka kashe mai gadin kwamfutarka kafin ka ɗora. Haka fulash ɗin da ya zaga shagunan buga takardu ya dawo, fayilolinka duk sun koma gajerun hanyoyi. Haka GB WhatsApp da matasanmu ke so don ɓoye sun karanta saƙo: ba kamfanin ne ya yi shi ba, duk sirrinka ta hannun wanda ba ka sani ba yake bi. Shafukan batsa da na satar finafinai ba sai na tsawaita ba, can mutum yake kwaso zunubi da cuta a tafiya guda.

Saƙon sabuntawa da kwamfuta ke turo maka kana ɗagawa don tsoron data, sau da yawa ɗinkin wata ɓaraka ce da aka gano. A watan Mayun 2017 wata cutar neman fansa mai suna WannaCry ta kama kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su aka kama. Windows 7 an daina ɗinke shi tun Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinsa na gama-gari ya ƙare a Oktoban 2025, amma je ka ofisoshin makarantunmu na Islamiyya ka ga abin da ke riƙe da sunayen yara da lambobin iyayensu. Bar mai gadin da ya zo da Windows a kunne. Kundin digirinka ka ajiye kwafinsa a wuri biyu da ba a haɗe suke da kwamfutar ba. Imel ɗinka ka ba shi kalmar sirri tasa shi kaɗai, mai tsawo, domin ta nan ake sake buɗe duk sauran. In ka shiga asusunka a kwamfutar shago, fita kafin ka tashi.

"Malam, ai Allah ne Mai tsarewa." Na'am, babu mai tsarewa sai Shi. Shi ne kuma Ya ba mu labarin Annabi Yaƙub a Suratu Yusuf, yana umurtar 'ya'yansa su shiga gari ta ƙofofi daban-daban, a cikin numfashi guda yana bayyana cewa ga Allah ya dogara. A Hijira, Manzon Allah ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya, ya nufi kudu alhali Madina tana arewa, ya kwana uku a kogon Saur. Hadisin mai raƙumi a Tirmizi kowa ya haddace shi: ɗaurewa aka fara ambata, sannan dogaro. Kana kulle shagonka da kwaɗo biyu kana karanta Ayatul Kursiyyu, ba ka taɓa ganin karo a tsakaninsu ba. Me ya sa sai a waya?

Game da shafukan ninka kuɗi, ba na jin akwai sauran uzuri. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016, hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A Afrilun 2025 CBEX ta rufe da kuɗin jama'a bayan alkawarin ninkawa cikin kwana 30, kuma ba ta da rajista da hukumar SEC. Tsakanin biyun an yi wasu da dama, wasu har da ɗora kalmar halal a suna. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya, mu kuwa har layi muke yi a bakin ramin. Hukuncin a fili yake. Babu kaya, babu sana'a, an lamunce maka uwar kuɗi da riba ƙayyadajjiya. Ko da gaske ne ana biya, wannan riba ce da Alƙur'ani ya haramta, balle abin da ake ba na farko kuɗin na baya ne. Wanda ya ce "ni dai na ci na fita", kuɗin wata bazawara da ta sayar da akuyarta ya ci, kuma yana wuyansa. Wanda ya jawo mutane don ladan gayyata, musamman in da sunan malanta aka yarda da shi, nasa ya fi nauyi. Dokar zuba jari ta 2025 ma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu gudanar da irin wannan. Manhajojin ba da rance na gaggawa 'yan uwansu ne: riba a gaba, a baya kuma ka ba su izinin lambobin wayarka, ranar da ka makara su aika wa surukanka cewa kai ɓarawo ne.

Dole in juyo kan namu 'ya'yan, don ba duka masu wannan aiki ne daga nesa ba. Mai kiran nan da ya san a ce "Alhaji barka da yamma" a cikinmu ya tashi. Akwai mai cewa shi Turawa kaɗai yake yi wa, dukiyar kafiri ce. Wa ya ba ka wannan fatawar? A hadisin Hudaibiyya a Buhari, Mugira bin Shu'uba kafin ya musulunta ya yaudari abokan tafiyarsa mushirikai ya kwashe dukiyarsu. Da ya zo, Manzon Allah ya karɓi Musuluncinsa ya ƙi dukiyar, saboda ta ha'inci ce. A daren Hijira kuma, mutanen da suka kewaye gidansa don su kashe shi, ajiyar mutanen garinsu ya bar Sayyidina Ali ya mayar wa masu ita. Hushpuppi da matasa suka riƙa kallon motocinsa suna haɗiyar yawu, an kama shi a Dubai a 2020, kotu a Amurka ta ɗaure shi fiye da shekara 11 a 2022, kuma wannan hisabin duniya ne kawai. Iyaye, yaron da ba shi da sana'a ya kawo muku buhun shinkafa da sabuwar waya, tambayar "ina ka samu?" wajibi ce a kanku kafin a ɗora tukunya. Kai kuma da aboki ya ce ka ara masa asusunka a turo kuɗi ya ba ka wani abu, ka sani da asusun irinka ake wanke kuɗin sata. Taimakekeniya ce a kan zunubi, wadda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana, kuma ranar da EFCC za ta bi sawu, sunanka da BVN ɗinka za ta tarar.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ka yi shiru, shirunka ne jarin ɓarawon. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani sahabi da ake yawan yaudara a ciniki, masu sharhi suka ce Habban bin Munƙiz ne. Da aka kai maganarsa ga Manzon Allah bai kunyata shi ba, sai ya koya masa abin da zai riƙa shar'antawa idan zai yi ciniki don ya kare kansa. Mu ma haka ya kamata mu karɓi wanda aka cuta, ba da "kai ma da wayonka?" ba. Sa'ar farko ita ce mai tsada. Bankuna da dama suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu ko daga wayar wani, nemi ta bankinka yau ka rubuta a takarda a gida. Kira banki, kira kamfanin layi in waya aka sace, canja kalmomin sirri daga wata na'urar mai tsabta, sanar da mutanenka, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC da hotunan saƙonnin. Ka kuma yi hattara da wanda zai zo daga baya ya ce shi gwani ne, zai dawo maka da kuɗinka in ka biya wani abu. Sau da yawa su ɗin ne suka sake riga.

Akwai nau'in da ba a iya faɗa a zaure. Saurayi ko budurwa an ja su hira, an karɓi hoton da bai kamata ba, sai barazana ta biyo: turo kuɗi ko a watsa. Abin ya yi yawan da a Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya masu wannan aiki. Ɗana, 'yata, in kana cikin wannan hali yanzu, kada ka biya, domin biya ba ya rufe bakinsu, farashi yake ƙarawa. Kada ka goge saƙonnin, hujja ce. Daina amsa masa, ka samu babba ɗaya da ka amince da shi ka faɗa masa yau. Zunubin da ka yi tsakaninka da Allah ne, ƙofar tuba a buɗe take, kuma bai kai ka cutar da ranka ba ko kusa. Uban da ɗansa ya kawo masa irin wannan magana, ka fara da rufa masa asiri da tsayawa a bayansa, faɗa ya biyo baya. 'Yan uwa mata kuma, kafin waya ta je wurin mai gyara, a cire katin ajiya da sim, a kwashe hotunan cikin gida, ko a tsaya a kai har a gama.

Sanarwa ta ƙarshe, don an sha buɗe shafuka da sunayen malamai da hotunansu: ni ba na neman kuɗi ta akwatin saƙo, ba na tallata wani jari, ba na raba kujerar Umara ko gurbin karatu. Duk wanda ya rubuto muku da sunana yana neman ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya rantse da Alƙur'ani, ku ɗauki hoton saƙon, ku kai ƙorafin shafin ga Facebook, ku sanar da ni a masallaci.

Wallahu a'alam.